Ɓawon Cutar Wake

Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, 'yan uwa. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba, raina a ɓace yake, yatsuna har tsallake haruffa suke yi. A gidanmu, gidan da aka haife ni, aka ware min kofi. Kofi fa! Aka nemo jan zare aka ɗaura a mariƙinsa don kada wani ya yi kuskuren kai shi baki. Na san akwai waɗanda yau suka fara karanta ni, don haka bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ni ce autar gidanmu, Auta kowa ke ce min. Ina digiri na biyu, kuma rabin rayuwata a ɗakin gwaji take, ƙarƙashin wata Farfesa 'yar gajeriya mai ɗora tabarau a tsakar ka. Matar nan idan ta ce wa mutum "ba laifi", to ya je ya yi sadaka, ya samu yabon shekara.

Aikina a kan ɓawon bairos ne, ɗan mitsitsin abin nan mai haddasa cuta. Kada ku ja da baya, abin da mutanen gidanmu suka yi ke nan. Ku ɗauki gyaɗa: akwai ƙwaya a ciki, akwai ɓawo a waje. Haka bairos yake. Ƙwayar ciki ce ke ɗauke da umarnin hayayyafa, ita ce masifar. Ɓawon kuwa furotin ne zalla, gida ne kawai. Abin da ya sace zuciyata tun ranar farko shi ne yadda gidan nan ke ginuwa, domin babu magini. Tubali iri ɗaya ne, guda ɗari da tamanin, kowanne sak ɗan uwansa. Ka zuba su a ruwa, ka daidaita gishiri, ka daidaita tsami, sai su yi ta yawo suna karo da juna. Gefen wannan ya kama gefen wancan, su ƙaru, su fara lanƙwasa kamar ƙoƙo, har su rufe ruf su zama ƙwallo mai fuska ashirin. Kuma riƙon da suke yi wa juna sako-sako ne. Wanda ya zauna a karkace ba ya daɗewa, zai suɓuce ya sake gwadawa. Wanda ya zauna daidai, maƙwabta ke riƙe shi ta kowane gefe. Idan riƙon ya yi ƙarfi da yawa kuskure ba ya gyaruwa, sai su dunƙule su zama shirme.

Mu a wurinmu babu ƙwayar cikin ma sam. Yis muke sawa ya yi mana tubalan, dangin wanda ake kumbura burodi da shi. Burinmu wata rana mu cusa magani cikin ɓawon ya kai shi inda ake so a jiki. Sannan bairos ɗin da muka ari ɓawonsa, ganyen wake yake kamawa. Wake! Ko da ƙwayarsa a ciki, ba ruwansa da ɗan Adam.

Wata da watanni tubalan nan suna raina min hankali. In zuba, in jira, in duba, in tarar da gudaji kamar madarar da ta tsinke. Kukan da na yi a banɗakin wurin aiki ya fi a ƙirga. Sai makon jiya na daina gaggawa. Maimakon in zuba ruwan tsamin gaba ɗaya, na bar shi ya riƙa shiga a hankali cikin sanyin firji. Ranar Alhamis da safe muka ɗora ɗigo ɗaya a babban madubin ƙara girman abu mai aiki da lantarki da ke ɗakin ƙasa. Allon ya yi toka-toka, sannan ya washe. Zobba! Ƙananan zobba cike da allo, girmansu ɗaya, kowanne da baƙi a tsakiya.

Farfesa ta sauko da tabarau kan hanci. "Kin ga baƙin nan? Tawadar da muka rina su da ita ce ta shige, don babu komai a ciki. Fanko ne." Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ba laifi."

Na ɗauki hoton allon. Na cire safar hannu, na wanke hannu, na rataye farar rigata a ƙusar da take kwana kullum, na fito baranda ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Mutum ɗaya tak na tura wa hoton.

Mai kemis. Shi ne wanda aka shirya zan aura nan da 'yan watanni, mai kantin magani a bakin babban titi. Farin yadi kullum a goge, agogo mai baƙin mariƙi, turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Amma ba kyansa ne ya kama ni ba, kunnensa ne. Duk waɗanda suka zo kafin shi, da na fara zancen furotin sai su fara latsa waya. Shi kuwa harhaɗa magunguna ya karanta. Zai zauna a falon baƙi, lemonsa na hucewa, ya yi ta jero min tambayoyi. "To me ke hana su haɗuwa a karkace?" "Tunda babu ƙwayar ciki, ai ba zai iya hayayyafa ba ko?" Da bakinsa fa yake faɗa. Ni kuma in ji kamar an ba ni duniya.

Na zana jar zuciya a kan zobe ɗaya, na rubuta: "Kalli 'ya'yana, sun haɗa kansu!"

Nan take ya amsa: "Masha Allah, Doktata."

Kafin a tashi aiki Farfesa ta kira ni ofis. Akwai wata cibiya a ƙasar waje da muke aiki tare, suna da madubin da ke iya nuna tubali ɗaya-ɗaya, kuma suna da gurbi na shekara guda. Ta ce da wannan sakamakon za ta iya ba da sunana. "Ki yi shawara da gida, ki ba ni amsa a makon gobe." Tun a matakala na rubuta wa mai kemis. Alamar cewa ya karanta ta fito. Shiru. Sai da na kai gida, na cire mayafi, saƙo ya shigo: "Za mu yi magana."

Dama ya sha jefo min zancen sabon reshen kantinsa, wai ni zan riƙe masa. "Farar riga ai farar riga ce," ya ce yana dariya. Ni ma in yi dariya. Wautata ke nan.

Na yi niyyar gaya wa su Abba maganar tafiyar ranar Asabar, sai Ummi ta tashi da zazzaɓi. Ummi 'yar Yayana ce, shekararta uku. A saman benen gidanmu suke, amma a ɗakina take rayuwa. Ita ke jirana a bakin ƙofa, ita ke zazzage min jaka, ita ta ƙarar min da jan baki a jikin bango. Aka kai ta asibiti, likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce ya kumbura, irin na yara, ya rubuta magani. Yaya ya biya ta kantin mai kemis ya karɓo. Ni na ba ta cokalin farko, a cinyata ta yi barci.

Ranar Lahadi na hau duba ta, Anti, matar Yaya, ta tare ni a bakin ƙofa wai tana barci. Ina jiyo muryar yarinyar a ciki tana kiran sunana. Na ce ko gajiyar jinya ce ke damun Anti, na sauko.

Litinin da la'asar na dawo daga aiki, tun daga get warin bilic ya tare ni. Kayana kaf suna shanye a igiyar bayan gida, har da sabuwar doguwar rigata ruwan zuma da ko sau biyu ban sa ba, bilic ya yi mata dabbare-dabbare kamar fatar damisa. A kicin na ga kofin nan mai jan zare, da faranti ɗaya, da cokali ɗaya, a kan taga, nesa da kwandon kowa.

A falo Gwaggo ce, yayar Abba, ta baje a kujerar tsakiya da mayafinta mai duwatsu, takunkumi a haɓa. Tana ganina ta ja shi ta rufe hanci.

"Tsaya daga nan."

"Gwaggo ina wuni?"

"Daga nan ma ina ji. Lafiya lau."

Umma na gefe tana jan carbi, ta ƙi haɗa ido da ni. Ummi ta hango ni daga matakala, ta kwaso da gudu tana "Auta! Auta!" Anti ta cafke ta ta baya kamar wuta za ta faɗa, ta saɓa ta a kafaɗa ta haye sama. Yarinya na miƙo min hannu tana tsala ihu. Wallahi ban san sanda jakata ta faɗi ba.

"Umma, me ke faruwa a gidan nan?"

Gwaggo ce ta amsa. "Mu za ki tambaya? Ana tura ki karatu, ashe cuta kike ƙerawa! Har da kiran su 'ya'yanki. Ga yarinya nan kin kwantar."

Ta ajiye wayarta a tebur, ta turo min ita da bakin rimot. Guruf ɗin danginmu ne. Ga hotona, ga saƙonni a ƙasa sun yi jerin gwano. "Innalillahi." "A hana ta shiga cikin yara." "Dama ni na ga ta rame." Wani ɗan kawunmu, wanda bai taɓa gaishe ni ba, ya yi saƙon murya mai tsawon huɗuba yana bayanin waɗanda ke biyan mu don mu rage yawan jama'a.

"Gwaggo, ɓawo ne kawai, babu komai a ciki. Kuma na cutar wake ne."

"Wake? To mu ba wake muke ci ba?"

Da a wani gidan ne abin ya faru da na yi dariya har da hawaye. Amma idona na kan jar zuciyar nan da na zana da yatsana. Hoton nan waya ɗaya ya je a duniya.

Na shige ɗaki na kira shi. Bai ɗauka ba. Saƙo ya biyo: "Ina da mutane a kanti." Kuma kun san me na yi? Na zauna a bakin gado na fara nema masa uzuri. Na ce alfahari ne ya sa ya tura wa wani, wanin ya tura wa wani. Na ce idan ya ji abin da ake min zai zo da kansa ya wanke ni, tunda shi za su ji maganarsa. Allah ya shirye mu, mu mata, da saurin yi wa namiji lauya kyauta.

Washegari da kofin zaren na sha shayi. Ina kallon Umma, tana kallon bango.

Da na gaya wa Farfesa ban ga ta yi dariya ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko wata kwalbar roba mai faɗin baki. A ciki akwai guntayen roba goma sha biyu, kowanne mai kusurwa biyar, ya ɗan lanƙwasa kamar murfin tukunya, da ƙananan maganaɗisu a gefunansa. "Da wannan nake koya wa 'yan aji ɗaya," ta ce. "Ki dawo min da ita."

Na roƙi Abba ya tara min mutanen gida bayan la'asar. Abbanmu ya yi ritaya, mutum ne da zai wuni da rediyonsa bai furta kalma goma ba, kuma tunda abin nan ya fara bai ce uffan ba. Ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga. Yaya ya tsaya a jikin ƙofa ya harɗe hannu, ko rigar ofis bai cire ba. Anti ta zauna a matakala ta sama. Gwaggo ta ƙara takunkumi na biyu.

Na ɗaga kwalbar. "Kun ga a warwatse suke. Ba zan sa hannu a ciki ba."

Na fara girgizawa. Kas, kas, kas. Biyu suka manne. Ɗaya ya kama a karkace, ya faɗi. Uku, huɗu, ƙoƙo ya fito. Hannuna ya fara gajiya, zufa na bin bayana, ina addu'a a raina kada abin nan ya kunyata ni. Sai ƙas! Na ƙarshe ya faɗa gurbinsa. Ƙwallo cif tana gangarawa a gindin kwalba.

Gwaggo ta miƙe tsaye, jakarta ta zube. "A'uzu billahi! Kun gani ko? Abin ma da tsafi a ciki!"

"Maganaɗisu ne Gwaggo, irin na jikin ƙofar firji!"

"Ni dai kada ki matso da shi."

Abba ya miƙo hannu. Umma ta ce, "Malam!" Bai kalle ta ba. Ya karɓi kwalbar ya jijjiga da ƙarfi, ƙwallon ta tarwatse. Ya kaɗa a hankali, guntayen suka kwanta a dunƙule ba tsari. Ya ɗan ƙara ƙarfi, ya yi ta yi, ya yi ta yi, har ta sake rufewa. Ya ɗaga ta saitin taga yana leƙawa.

"Cikin fanko ne," ya ce.

"Haka nawa suke, Abba. Abin da ke sa cuta shi ne abin da ake zubawa a ciki, mu kuwa ba mu da shi. Ko rigar aikina ban taɓa shigowa da ita gidan nan ba."

Yaya ya yi tsaki. "Wannan duk wasan yara ne. Ke ɗaliba ce. Wanda ya karanci magani, yake sayar da shi kullum, shi ya ce min a yi hattara."

"Wa?"

"Mijin da za ki aura mana. Da na je karɓar maganin Ummi ya ja ni gefe ya nuna min hoton. Ya ce ba a san abin da kike kwasowa ba, kuma yara ne ke fara kamuwa. Ya ce shi ya yi ya yi kin ƙi ji, gara mu mu sa ki bar aikin."

'Yan uwa, kun taɓa jin kunnenku ya yi ɗif alhali ana magana? Na ga bakin Gwaggo na motsi ta cikin takunkumi, ban ji komai ba. Duk uzurin da na kwana ina ɗinka masa ya warware a gabana.

Abba ya ajiye kwalbar a kan rediyonsa. "Kira min shi."

Bai daɗe ba ya iso. Yadi ruwan sararin samaniya, hula ta zauna daram, kwandon tuffa da ayaba a hannu wai na mara lafiya. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma, ya tsokani Gwaggo har ta sauke takunkumi ɗaya. Da ya juyo gare ni ya yi murmushin nan nasa. Sai idonsa ya sauka kan kwalbar, murmushin ya tsaya a rabi.

Abba ya ce, "Tambaya gare ni. Abin da ke cikin hoton nan, shi ya kwantar min da jika?"

"Abba, ai ita kimiyya ba a yanke hukunci kai tsaye, akwai abubuwa da dama da..."

"Ban tambaye ka kimiyya ba. Shi ya kwantar da ita?"

Ya gyara agogonsa. "A'a. Maƙogwaro ne."

"Yana kama mutum?"

"Ba ya kamawa."

"Ranar Asabar ka san haka?"

Ya kalli kafet kamar amsar na rubuce a jiki.

"Na sani."

Na buɗe baki, amma ya riga ni. Muryarsa ta yi laushi, irin wadda yake lallashin tsofaffi da ita su shanye magani. "Abba, ku fahimce ni. Shekara guda fa za ta tafi ta bar ni. Na san idan ni na ce kada ta je, za ta ce na tauye ta. Sai na ga idan maganar daga gida ta fito zai fi sauƙi. Yaya kaɗai na tura wa, ban zaci abin zai kai haka ba."

Umma ta saki carbi. "Wace tafiya?"

Ku ga ikon Allah. Cikin ƙiftawar ido falon ya juyo kaina. Mutum ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shirga, amma ni ake kallo.

"Ƙasar waje? Da aure a gabanki?"

"Umma, ranar Asabar na so in faɗa..."

Gwaggo ta cire takunkumin gaba ɗaya ta cusa a jaka. "Ayyo! Ashe abin da ya sa ke nan. Allah sarki, yaron nan so ne ya yi masa yawa. Ke wallahi ki gode wa Allah. Wasu mazan ko shekara goma za ki yi ba za su tambaya ba."

"Gaskiya ne," in ji Umma. "Hanyar ce bai iya ba, amma manufarsa mai kyau ce."

So! Wai so! Na juyo gare su a fusace. Amma kafin in yi magana sai ga takun Anti tana saukowa. Ɗankwalinta ya zame, idanunta sun yi jawur. Anti da ko muryarta ba a ji a gidan nan, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Tun ranar Asabar ban runtsa ba," ta ce. "Ina zaune ina ƙirga numfashin 'yata. Duk tarin da ta yi sai in ce shi ke nan, cutar da babu maganinta ce. Na kira ka ina kuka, ka ce min a dai ci gaba da addu'a. Kana sane maƙogwaro ne?"

"Anti, ki yi haƙuri, ni..."

Ta ɗauki kwandon tuffar ta dire masa a cinya. Sannan ta juyo gare ni, ta sunkuyar da kai. Na gyaɗa mata kai. Ita ban riƙe ta ba. Uwa ce aka tsorata.

Shi na fuskanta. "Duk cikin mutanen nan kai kaɗai ka san aikina. Kai na zaunar na yi wa bayani, kai ke ƙarasa min jimla idan na fara. Gwaggo ba ta sani ba, tsoronta na gaskiya ne. Kai ka sani. Ka ɗauki ranar da na fi farin ciki a rayuwata ka mayar min da ita abin ƙyama a gidan ubana. Da ka zo ka ce min ba ka son in tafi, da mun yi faɗa, da mun yi kuka, wataƙila ma da na haƙura. Amma ka zaɓi a fizge yarinya daga hannuna."

"Auta, ya isa," in ji Umma.

"Bai isa ba, Umma. Yau don in bar aiki ya ce ina ɗauke da cuta. Gobe idan ina gidansa, yana son in bar wani abin, me zai ce ina ɗauke da shi? Ko babu tafiya ni na fasa auren."

"Rufe min baki! A gaban mahaifinki?"

Yaya dai ya zama gunki a jikin ƙofa, wayar da ya watsa hoton da ita na hannunsa, ya rasa aljihun da zai sa ta.

Abba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya ce wa mai kemis, "Tashi ka je. Zan nemi manyanka." Ya tashi da kwandonsa, tuffa ɗaya ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kujera, babu wanda ya ɗauka. Da ƙarar motarsa ta yi nisa Abba ya dube ni.

"Ke kuma, maganar tafiyarki ba a bakin baƙo ya kamata in ji ba."

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Kina son zuwa?"

"Ina so."

"To."

"Malam!" in ji Umma da Gwaggo a tare. Ya kunna rediyonsa.

Na shige ɗaki da gudu kafin wani ya sauya masa ra'ayi. Hasken yamma na kan gadona, na zauna na rubuta wa Farfesa kalma biyu: "Zan je." Amsa ta zo tun ban ajiye wayar ba: "Ki zo da fasfonki gobe da safe, za a tura musu."

Na jawo durowar ƙasa ta jikin madubi, inda nake ajiye takarduna a jakar fata ruwan ƙasa. Takardar haihuwa na nan. Sakamakon jarrabawa na nan. Na zazzage jakar a kan gado. Na fito da durowar gaba ɗaya na leƙa bayanta. Na ɗaga katifa.

"Me kike nema?"

Umma ce a bakin ƙofa, ta riƙe labule.

"Fasfona."

Ta gyara mayafinta, ta sake gyarawa. "Ranar Juma'a ya zo kina wurin aiki. Ya ce zai yi muku takardun tafiyar da za ku yi bayan biki. Ya ce kada in faɗa miki, ba-zata yake so ya yi miki."

Juma'a. Ummi ko zazzaɓin ba ta fara ba. Wato tun kafin ya samu yarinyar da zai rataya wa ƙaryarsa, ya riga ya shigo har ɗakina ta hannun mahaifiyata.

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Shi ne.

"Idan kin huce ki zo kanti mu yi magana ta hankali. Ajiyarki na wurina."

Na jawo baƙin mayafina, wanda bilic bai samu ba, na raɓa ta gefen Umma na haye sama. Na ƙwanƙwasa, Anti ta buɗe. Na nuna mata saƙon. Ta karanta, ta sake karantawa, ta juya ta miƙa wa Yaya ludayin da ke hannunta.

"Ka kula da tukunya," ta ce masa. Sannan ta dube ni. "Bari in sa takalmi."